Ya Shiga Soja, Ko An Ɗauke Shi?

Hutun da ya wuce na je gida Dakwaro, na tarar da wata gardama da har yau ba ta bar kaina ba. Ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda na girme shi da shekara biyu, ya tafi horon soja a Tondibiya, kusa da Yamai. Wata maƙwabciya ta shigo yi wa Inna barka, ta ce, "Ashe yaron ya shiga soja? Allah shi tsare." Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Bai shiga ba, ɗaukar shi anka yi." Mijinta yana daga zaure ya ji, ya ɗaga murya: "Wa ya ɗauke shi? Da ƙahwatai yat tahi, kwana uku shina bin layi!" Maƙwabciya ta yi dariya, aka bar maganar.

Ni kam ban bar ta ba. Karatun harshe nake yi, kuma abin da karatun ya fara koya mini shi ne in saurari ƙananan kalmomi. "Ya shiga" ta nuna mai aikin, ta ɗora masa nauyin abin da ya yi. "An ɗauke shi" kuwa ta ɓoye mai aikin a bayan ƴar kalmar nan "an", ta bar yaron kamar kaya. Hukuma da kanta "ɗaukar soja" take cewa a rediyo. To wanne ne gaskiya? Kuma in duka biyun gaskiya ne, mi ya hau kanmu, mu da muka tsaya gida ko muke zaune a aji? Tambayar da nake so mu tauna tare ke nan, ƴan'uwana ɗalibai.

Bari in fara da ba Baba gaskiyarsa. Yaron da ƙafarsa ya tafi. Wata biyu ya yi yana tashi kafin kiran asuba yana gudu a kan hanyar Maraɗi don kada ya faɗi gwaji. Akuyarsa ya sayar ya haɗa takardu da kuɗin mota. Tun yana ƙarami in motar soja ta wuce yakan tsaya ya ƙame. Duk wanda ya ce masa talauci kaɗai ya kora shi, ya zage shi, don ya raba shi da abin da ya fi daraja a wurinsa, wato cewa shi ya yanke wa kansa shawara. Mu masu boko muna da wannan hali, mu kalli talaka mu ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Ya san Inatas, ya san Shinagodar, ya ga hotunan a salula kamar yadda muka gani.

Amma Inna ma ba ƙarya ta yi ba. An haife shi a 2005, shekarar da yunwa ta ci yankinmu har likitocin ƙasashen waje suka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Dakwaro. Ya yi lakwal har aji na ƙarshe na kwaleji, ya faɗi jarabawa sau biyu, ya bari. Gonarsu yashi ce, an raba ta tsakanin ƴan'uwa har ta zama ƴar tsito, hatsin da take bayarwa ba ya kai su damana. Abin da ya rage masa sanannu ne ga duk ɗan Dakwaro: ya yi kabu-kabu da babur ɗin wani a Maraɗi, ko ya bi ƴan cin rani zuwa Kano, ko ya hau mota ya ratsa sahara zuwa Libiya ko Aljeriya, ko ya shiga ramin zinari a arewa. Daren da zai tafi na ce masa ya ƙara tunani. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kai biro gare ka. Ni mi gare ni?" Ban samu amsa ba.

Ga inda nake ganin maganar ta tsaya. Zaɓin da mutum ya yi cikin matsi zaɓi ne, amma ba ya wanke wanda ya amfana da shi. Mu da muka tashi a bakin Kwarin Tarka mun san wannan daga kasuwar dabbobi. In fari ya yi tsanani, makiyayi yakan kawo saniyar da a kaka ba zai ko saurari tayinta ba, ya sayar da ita kuɗin ƴan tiyoyin hatsi. Babu wanda ya ɗora masa wuƙa, da bakinsa ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa. Duk da haka mai sayen in yana da kunya ba zai je yana cika baki ya ci riba ba, kuma malaman fiƙihu tun da can sun yi magana a kan cinikin wanda larura ta matsa. To ƙasa ita ce mai saye a nan. Abin da ta saya ƙuruciyar mutum ce, wataƙila har da ransa, kuma ta same shi da araha saboda ba ta tanadar masa wata ƙofa ba. Sa hannun da ya yi a takarda ya halatta cinikin. Bashin da ke kan mai saye kuwa yana nan, ya ma ƙaru.

Wannan ba sabon abu ba ne. Kakanninmu "kamun soja" suke cewa a zamanin Faransa, lokacin da ake yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo. Masu tarihi sun nuna cewa a wurare da yawa na Afirka ta Yamma ɗiyan bayi da na talakawa aka fi turawa, ɗiyan manya kuwa aka ɓoye su. Waɗanda suka dawo daga yaƙin duniya na biyu suka nemi haƙƙinsu a Caroy, kusa da Dakar, an buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. A Amurka, dokar tilasta shiga soja ta 1863 ta ba mai hali damar ya biya dalar Amurka 300 a bar shi gida. A namu tarihin akwai wani abin lura: a yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk a fagen fama suka mutu. Ba ina cewa zamanin nan na adalci ba ne, akwai bayi a cikin rundunonin, akwai kamun mutane. Sai dai wanda ya ce a yi yaƙi, shi ma kibiya tana iya samunsa.

Yau babu kamu, babu mai biyan kuɗi a bar shi gida. Takarda ce take yin wannan aikin a natse. Ni da na samu bak ina jami'a ina jiran burs, shi da ya faɗi yana koyon kwance bindiga. Gida ɗaya muka ci tuwo, kuma ban fi shi ƙwaƙwalwa ba, mahaifina dai yana da albashi lokacin da nasa ba shi da komi. Saboda haka in na ce ƙasa tana da bashi, ba wata halitta nake nufi can Yamai ba. Ni ma ina cikin masu sayen.

Wani zai ce to ai mafita ita ce a rage soja, a zuba kuɗin a lakwal da likita. Maganar tana da asali. Aizinhawa, janar ɗin da ya zama shugaban Amurka, ya faɗa a wani jawabi a 1953 cewa duk makamin da aka ƙera kamar an sace shi ne daga bakin mai jin yunwa. Ƙasar Kwasta Rika ma ta rushe rundunar sojanta tun 1948. Amma mu ba mu da wannan hutun. Kudancin jiharmu, wajen Madarumfa da Gidan Rumji, ƴan bindiga suna shiga gari da dare su kore shanu su tafi da mutane, har aka kafa rundunar da ake kira Farautar Bushiya dominsu. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako suka fake a wajenmu. Difa tana cikin yaƙi da Boko Haram tun watan Fabrairu 2015. A Tillaberi ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda malamai sun gudu da ransu. Ajin da aka gina ba a tsare shi ba, awaki ne za su kwana ciki. Shi ya sa da Ministan Tsaro Isufu Katambe ya sanar a ƙarshen 2020 cewa za a ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar, ban ji wani mai hankali ya ce ba a bukata ba. Ina son a gane ni: ban zo da maganar a ajiye bindiga ba.

Tambayata a kan kuɗin take, da wanda yake biya, da wanda yake da ikon ya tambayi inda suka shiga. Kuɗin tsaro ba daga sama suke saukowa ba. Duk jikar da ta tafi sayen harsashi, jika ce da ba ta tafi rijiya ko allurar rigakafi ko albashin malami ba, kuma wanda zai ji rashin waɗannan shi ne dai gidan da ya ba da ɗa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an kafa asusun taimakon ceton ƙasa a watan Oktoba na shekarar, aka sa dala biyu a kan kiran waya da tikitin mota. Mutane da yawa sun ba da nasu da zuciya ɗaya, mata sun kai tiyar hatsi, yara sun kai kuɗin tara. Ku duba Inna yanzu. Ta ba da ɗanta na fari, in kuma ta sa kiredi ta kira shi ta ji muryarsa, ta sake ba da dala biyu. Sau biyu ta biya. Mace irin wannan in ta ce a gaya mata abin da aka yi da kuɗin, wa yake da bakin da zai ce mata ta yi shiru?

Kuma akwai dalilin tambaya. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai hari sansanin Inatas, sojoji 71 suka rasu. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kai na Shinagodar, 89 suka rasu. Sojoji 160 ke nan cikin wata guda. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Fabrairu, labarin binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito: kwangilolin kayan yaƙi da aka hauhawa farashinsu, da kayan da aka biya kuɗinsu ba a kawo ba. Rahoton farko ya ambaci sefa miliyar 76. Daga baya hukumomin shari'a suka ambaci adadin da bai kai rabin wannan ba. Ko da wanne za a ɗauka, kuɗi ne da ba su da siffa a bakin mutanen da suke ƙirga da dala. Na taɓa gwada fassara wa Inna miliyar 76, na ce mata jika miliyan 76 ke nan. Ta ce, "Miliyan ɗin ma ban san iyakarta ba." Girman adadin shi ne rigarsa ta sulke. Wanda ya saci akuya kowa ya san abin da ya sata, za a bi shi da sanda. Wanda ya ci miliyar ya ci abin da talaka ba ya iya hangowa.

Ba zan ce kuɗin nan ne suka kashe mutanen Inatas ba, wanda ya harbe su shi ya kashe su. Abin da zan iya cewa shi ne, kayan da aka biya ba a kawo ba, akwai wani yaro a wani sansani da ya kamata su isa hannunsa. Ku kuma saurari yadda muka riƙa ba da labarin a lokacin: an kai hari, an kashe su, an ci kuɗi, an rufe magana. "An" daga farko har ƙarshe. Da ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 suna neman a hukunta masu hannu, shugabanninsu ne suka fara kwana a gidan kaso. Wannan a mulkin farar hula ne. A mulkin soja kuma, a watan Fabrairu 2024, an fitar da doka da ta cire sayen kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da aka saba bi. Na kawo su biyun tare da gangan, don kada wani ya ɗauka da wani ɓangare nake. Da mai babbar riga da mai kaki, duk wanda ya riƙe jakar yakan so a bar shi ya ƙirga shi kaɗai.

Na san amsar da ake bayarwa, na sha jin ta a wurin shan shayi daga abokai da ba na shakkar kishinsu. Suna cewa yaƙi ake yi, maƙiyi yana saurare, bin dogayen ƙa'idoji yana jinkirta kayan da ake bukata yau, kuma yawan tambaya yana karya gwiwar sojoji. Akwai gaskiya a ciki. Ba a shelar inda runduna za ta kwana, ba a buga yawan harsashin da ya rage a jarida, kuma mai jiran taimako a bakin daga ba zai jira taron kwamiti ba. Amma sirrin yaƙi daban, sirrin aljihu daban. Ana iya ɓoye wa maƙiyi irin motar da aka saya ba tare da an ɓoye wa masu bincike ko ta iso ba. Ana iya samun mutane kaɗan amintattu, waɗanda ba mai kashe kuɗin ne ya zaɓe su ba, su duba takardu a asirce, in sun ga ɓarna a hukunta a fili. Batun karya gwiwa kuwa, ku tambayi duk wanda ya taɓa sa kaki abin da ya fi karya ta: jin cewa ana bincike, ko ganin takalminsa ya yage alhali an rubuta an sayo sabo?

Addininmu ma bai ɗauki yaƙi a matsayin uzurin rufe lissafi ba. Malamai suna ba mu labarin wani mutum da kibiya ta kashe bayan yaƙin Haibara, sahabbai suka yi masa murnar aljanna, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba zai zame masa wuta. Mayafi guda, a hannun mutumin da ya fita tare da runduna. To ina ga wanda yake zaune a inuwa ya ci kuɗin sulken wasu?

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake ganin tambayar ta zama tilas a kanmu musamman. Faransawa suna yi wa rundunar soja laƙabi da ke nufin "babbar bebiya", don soja ba ya magana. Mu ɗalibai in burs ta yi jinkirin wata biyu sai mu kira taro, mu rufe aji, mu fito titi. Malami yana da ƙungiya, likita yana da ƙungiya. Ƙaramin soja ba ya yajin aiki, ba ya rubuta wa jarida, in ya yi gunaguni da ƙarfi sunansa mai tawaye. Ranar da ya yi rantsuwa ya ba da bakinsa tare da ƙarfinsa, kuma haka ya kamata, don rundunar da kowa yake gardama a cikinta taron ƴan bindiga ce. Amma in an rufe bakin mutum don amfanin jama'a, to wajibi ne jama'a su yi magana a madadinsa. Mun iya kirari, mun iya sa hotonsu a Facebook da tuta da addu'a. Kirari kuwa ba ya kashe ko dala. Abin da yake da wuya shi ne mu tambaya ko albashinsa yana zuwa kan lokaci, ko wanda ya rasa ƙafa ana kula da shi bayan shekara biyar, ko matar wanda ya rasu ta samu haƙƙinta ba tare da ta ƙarar da takalmi a ofisoshin Yamai ba, ko an sanar da uwa kafin ta ga hoton gawar ɗanta a waya.

Na san tsakanin ɗalibi da mai kaki akwai tsohon tabo. Kowace ranar 9 ga Fabrairu muna tuna ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy a 1990. Ba na cewa a manta, kuma soja ma yana da nasa bashin: bindigar da talaka ya saya masa kada ya juya ta kan talaka, ko Bahaushe ne, ko Bafillace, ko Buzu. Sai dai yau in na rufe ido na ce "soja", fuskar ɗan Inna nake gani, wanda muke raba hura a ƙwarya ɗaya. Ba zan iya kallonsa a matsayin wani jinsi daban ba.

Abin da nake roƙo daga gare mu ƙarami ne, kuma kowa yana iyawa ko bai karanta ilmin harshe ba. In ka ji "an", ka tambaya "wa?". An saya: wa ya saya, daga wa, nawa, ya iso? An ɗauke shi: wa ya ɗauke shi, kuma mi aka yi masa alkawari? Ka yi tambayar da ladabi, ba da zagi ba, ka yi ta ko naka ne yake mulki. Wanda ya kira ka maci amanar ƙasa don ka tambaya, ka ce masa akwai ƙanenka a bakin daga, kana so ka tabbata abin da aka saya da sunansa ya isa hannunsa.

Gardamar gidanmu dai ba a raba ta ba. Baba har yanzu yana cewa da ƙafarsa ya tafi, amma na lura duk magariba yana manne da rediyo, in aka fara karanta sanarwar rundunar tsaro sai ya hana kowa motsi. Inna kuwa, da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Kwana biyu kafin in koma jami'a ya samu dama ya kira, na miƙa mata salula. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta ce, "Ana ba ku abinci kuna ƙoshi?"

Allah ya tsare su, ya maido su gida lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.